Kwanciyar Teku Ba Kwanciyar Iska Ba Ce: Martani Ga Mai Ganin Awon Hasken Leza Ɓarna Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan masu binciken da ke harba hasken leza ta saman ruwan teku, suna auna yadda iska ke wasa da shi. Malamin ya iya alƙalami, kuma abin da ya tunzura shi abin a yaba ne: yana jin ciwon a zuba dukiya a aikin da bai ga ranarsa ba. Sai dai hukuncin da ya yanke, cewa wannan awo ɓarnar kuɗi da lokaci ne, ba hukuncin da za a bari ya wuce ba ne. Duk ɗalibin da ya karanta shi ya gamsu zai tashi da muguwar fahimta, wai in kana da lissafi a takarda ba sai ka fita ka duba ba.

Bari in jero hujjojinsa yadda ya kawo su, don kada a ce na yi masa ƙari ko ragi. Ta farko, ya ce teku a shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, ba kwalta ba rufin kwano, kuma ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sakinsa kamar ƙasa. Saboda haka iskar da ke samansa lafiyayya ce, abin da aka auna a tudu ya isa har ya yi yawa. Ta biyu, ya ce masana sun gama warware sha'anin hargitsin iska tun zamanin Kolmogorov, kwamfuta kuwa a yau tana lissafa komai kafin ka ƙifta ido, to me ya rage da za a je a tare a bakin ruwa ana jira? Ta uku, ya ce ko da iskar ta ɓata hasken akwai madubai masu gyara shi, in ma sun gaza sai a ƙara wa lezar ƙarfi. Ta huɗu, wadda ya fi zafafawa a kanta, ita ce duk wannan aikin sojojin ruwan manyan ƙasashe ne masu neman sabon makami, talaka ba shi da ko anini a ciki. Kowace daga cikin huɗun nan tana da ƙwayar gaskiya. Inda aka kai ta ne ya ɓata ta.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake aunawa. Duk wanda ya bi titin kwalta da tsakar rana a lokacin bazara ya ga yadda motar da ke can nesa take rawa, tana narkewa tana haɗuwa, ga kawalwalniya kwance a gabanta. Motar lafiyarta ƙalau. Hasken da ke tahowa daga gare ta ne yake ratsa iska mai zafi da mai sanyi da suka cakuɗe, kowace tana karkatar da shi gwargwadon kaurinta. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, domin idan zafin iska ya sauya da digiri 1, ƙarfinta na karkatar da haske yana sauyawa ne da kusan kashi 1 cikin miliyan. Amma iskar ba a tsaye take ba. Curi-curi take, daga masu faɗin 'yan milimita zuwa masu faɗin mitoci da dama, suna juyawa suna wucewa, kowane curi yana ɗan ture hasken daga hanyarsa. Dalilin ƙyaftawar taurari da dare ke nan.

Hasken leza siriri ne, an tattara shi wuri guda, shi ya sa abin ya fi bayyana a kansa. Ka kafa farin allo a nisan 'yan kilomita ka haska shi. Ɗigon da ya bar na'ura a dunƙule zai iso a baje. Ba zai tsaya wuri ɗaya ba, zai riƙa zillo sama da ƙasa, dama da hagu. Cikinsa kuma zai tsattsage ya koma tabo-tabo, nan fayau can duhu, suna musayar wuri sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Abu uku ke nan: bajewa, yawo da ƙyaftawa. Masana suna taƙaita ƙarfin hargitsin da lamba guda da suke rubutawa Cn², kuma tsakanin iska mai lafiya da mai tsananin hargitsi lambar nan tana iya ninkawa sau 10,000. Na'urar da aka fi auna ta da ita sunanta sintilomita: fitila a wannan gaɓa, ido mai karɓa a waccan, yana ƙirga yadda hasken ke ƙaruwa yana raguwa dare da rana.

To, mu ɗauki hujja ta farko. Gaskiya ne cewa a tsakiyar teku lambar nan takan yi ƙasa da wadda ake samu a saman hamada da rana tsaka. Amma Malam ya manta da nisa. Ƙyaftawar haske ta fi nisa gudu: muddin hargitsin bai riga ya yi tsanani ba, in ka ninka nisa sau 2 ita tana ninkawa kusan sau 3 da rabi, in ka ninka shi sau 10 tana ninkawa kusan sau 68. A tudu, gini ko bishiya ko dutse kan tare ka tun ba ka yi nisa ba. A teku kuwa don nisan ake zuwa, daga jirgi zuwa jirgi, daga tsibiri zuwa gaɓa. Hargitsi mai rauni da haske ya sha na tsawon kilomita 15 yana iya yi masa illar da mai ƙarfi bai yi ba a mita 500. Ta yaya awon da aka yi a filin jirgin sama zai ba ka labarin wannan?

Sannan abin da ke juya akalar hargitsin a wurare biyun ba ɗaya ba ne. A tudu rana ce ke mulki. Ƙasa ta ɗauki zafi da hantsi, hargitsi ya tashi, ya kai ƙololuwa da tsakar rana, ya lafa gab da faɗuwar rana kamar yadda ya lafa jim kaɗan bayan fitowarta. Mai agogo a hannu zai iya yin hasashe ya dace. A teku agogo ba ya da wannan iko, domin zafin ruwa da ƙyar yake motsawa tsakanin dare da rana. Abin da ke mulki shi ne bambancin zafin ruwa da na iskar da ke samansa. Iska mai sanyi ta sauko kan ruwa mai ɗumi da ƙarfe biyun dare, hargitsi ya tashi alhali ba rana. Iska mai zafi ta kwararo daga tudu ta hau kan ruwa mai sanyi, sai ta kwanta hawa-hawa, ta lanƙwasa hasken gaba ɗayansa, ɗigon ya riƙa zamewa daga idon na'ura a hankali har ya fice. Ga kuma danshi, wanda a busasshiyar ƙasa ake iya kau da kai daga gare shi, amma a saman ruwa shi ma yana da hannu a karkatar da haske. Ga feshin ruwan gishiri da igiyar ruwa ke watsawa sama, yana shan hasken a hanya, yana kuma barin farin ɓawo a gilashin na'ura wanda sai an bi an goge.

Akwai ma abin da shimfiɗar teku take ɓoyewa. Duniya a dunƙule take, saboda haka tsakanin gaɓa biyu masu nisan kilomita 16 ruwan yana tasowa a tsakiya da kusan mita 5. Hasken da ya tashi daga hasumiya yana kusantar ruwa a tsakiyar tafiyarsa, inda hargitsi ya fi ƙarfi, kuma cikowar teku da janyewarsa suna sauya wannan tazara a kowace rana. Wannan ba zancen takarda ba ne. Cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka ta daɗe tana harba leza ta saman mashigin Chesapeake, nisan kilomita 16 daga gaɓar yamma zuwa tsibirin Tilghman, inda aka jera madubai masu mayar da haske inda ya fito, tafiyar ta zama kilomita 32. Da awon tudu ya wadatar, me zai sa a yi shekaru ana kula da na'urori a bakin ruwan da gishirinsa ke cin ƙarfe? Ido ya ga ruwa a kwance ya ɗauka iskar ma a kwance take, nan ne kuskuren ya samo asali.

Hujja ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke koya wa yara raina aikin fili. Babu mai musun girman Andrey Kolmogorov. A 1941 ya bayyana yadda manyan curin iska ke farfashewa zuwa ƙanana, kuma Valerian Tatarski ya ɗora a kai a ƙarshen shekarun 1950, ya nuna abin da hakan ke yi wa haske. Amma me lissafinsu yake cewa? Cewa yake, in ka ba ni ƙarfin hargitsi, zan gaya maka abin da zai sami haskenka. Bai taɓa cewa zai gaya maka ƙarfin hargitsin da ke kan wani mashigi ranar Talata da la'asar ba. Wannan lamba sai an aune ta, ko a ƙiyasta ta daga wasu abubuwan da su ma aunawa aka yi.

Tarihin fannin kansa ya ƙaryata Malam. Lissafin farko ya nuna cewa ƙyaftawar haske za ta yi ta hauhawa ba iyaka muddin nisa da hargitsi suna ƙaruwa. A 1965 wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Gracheva da Gurvich, suka fita fili suka auna, sai suka tarar ba haka abin yake ba: ƙyaftawar tana hawa ta kai wani matsayi ta tsaya. Masu lissafi sun yi shekaru suna aiki kafin su iya bayyana dalili. Da mutanen nan biyu sun bi shawarar Malam sun zauna a ofis, wa zai gano cewa takarda ta zarce gaskiya? Gani ya kori ji, kuma a wannan fanni an sha ganin haka.

Ita kuma kwamfutar da ake tunƙaho da ita, me take ci? Tsarin da ake amfani da shi wajen ƙiyasta hargitsi kusa da doron ƙasa ko ruwa ya dogara ne da ka'idar Monin da Obukhov ta 1954. Ka'idar ta ba da ƙwarangwal, amma lambobin da aka cike ta da su daga awo suka fito, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne wanda aka yi a jihar Kansas ta Amurka a 1968, da hasumiya mai tsawon mita 32 a tsakiyar gonar alkama da aka girbe. Gonar alkama, Malam, ba teku ba. Kafin a samu tsarin da ake amincewa da shi na musayar zafi da danshi tsakanin teku da iska, sai da aka tara jiragen ruwa da na sama a yammacin tekun Fasifik daga 1992 zuwa 1993, a gagarumin aikin da aka sani da TOGA COARE. Duk lambar da kwamfuta ke juyawa a yau, wani ne ya sha rana ko ya sha amai a jirgi ya samo ta.

Duk da wannan wahala, tsarin yana da inda yake tuntuɓe, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Idan zafin ruwa da na iska suka zo kusan ɗaya, lissafi yakan nuna cewa hargitsi ya kusa ɓacewa, amma sintilomita takan nuna yana nan da sauransa. Idan iska mai ɗumi ta kwanta a kan ruwa mai sanyi, hasashen yakan yi nesa da abin da aka gani. Kusa da gaɓa, inda iskar tudu da ta teku suke karo, abin ya fi rikicewa, kuma nan ne tasoshin jiragen ruwa da biranen da ke buƙatar sadarwa suke. Shi ya sa masu bincike na cibiyar TNO ta Holan da takwarorinsu na cibiyar fasahar teku da ke Simon's Town a Afirka ta Kudu suka shafe kusan shekara guda, daga ƙarshen 2009 zuwa ƙarshen 2010, suna awo ta saman mashigin False Bay a kan nisan da ya kusa kilomita 16. Ba mako ɗaya suka yi suka tattara ba, domin iskar rani daban ta damina daban. Shi ya sa kuma a makarantar horon hafsoshin ruwa ta Annapolis ake auna hasken da ke ƙetare kogin Severn, ana ciyar da sababbin manhajoji masu koyon hasashe da bayanan. Ko manhajar da ta fi kowace wayo, abin da aka nuna mata take koya. In ba a auna ba, me za a nuna mata?

Sai hujja ta uku, ta madubi da ƙarin ƙarfi. Madubi mai sauya siffa gaskiya ne, kuma abin al'ajabi ne. Horace Babcock ne ya kawo tunaninsa a 1953, a yau kuma manyan na'urorin hangen taurari suna amfani da shi: wata na'ura ta duba yadda iska ta murɗe hasken, ƙananan turaku a bayan madubin su tura shi su ja shi sau ɗaruruwa a daƙiƙa, hoto ya fito tas. Amma ka tambayi injiniyan da zai ƙera madubin: turaku nawa zai sa? Da wane sauri za su motsa? Amsarsa ɗaya ce, sai ka gaya mini girman curin iskar wurin da saurin wucewarsu. Madubin ɗan awo ne, ba magajinsa ba. Su kansu masu hangen taurari sukan yi shekaru suna auna iskar duwatsu kafin su aza tubali. Haka hukumar Turai mai kula da wannan fanni ta yi kafin ta zaɓi dutsen Cerro Armazones na ƙasar Chile a 2010 domin babbar na'urarta.

Bayan haka, mai hangen tauraro sama yake kallo. Iskar da ke damunsa 'yan hawa ne, mafi munin ciki kuma tana kusa da shi. Mai harba leza ta saman teku a kwance yake harbi, haskensa yana cikin hargitsi tun daga fita har isa. Idan tafiya ta yi nisa, hasken yakan tsattsage har a samu wuraren da ba haske sam, na'urar da ke gaya wa madubi abin da zai gyara ta rasa abin karantawa. Wannan matsala ce da har yanzu ake fama da ita, kuma ba a san iyakar inda madubi ke da amfani ba sai an gwada a kan ruwan.

Batun a ƙara ƙarfi kuwa, nan Malam ya fi yin nisa da gaskiya. Leza mai ƙarfi sosai tana ɗumama iskar da take ratsawa, musamman mai danshi da ƙwayoyin gishiri. Iskar da ta ɗumama sai ta koma tana baje hasken da ya ɗumama ta. Akwai matsayin da in aka wuce shi, ƙarin ƙarfi raguwa yake jawowa a inda ake son hasken ya sauka. A wajen sadarwa kuma ƙarfi ba ya hana ɗigon kauce wa idon na'ura. Layin da ke ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa, in haske ya dushe masa na kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, ya yi asarar ƙwayar bayani miliyan 10. Akwai dabarun magance wannan: a faɗaɗa idon mai karɓa, a harba haske fiye da ɗaya, a warwatsa saƙo yadda in wani yanki ya ɓace za a iya cike gurbinsa. Amma kowace dabara sai an san sau nawa hasken ke dushewa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin a yanke girmanta. Kada kuma a manta teku ba kango ba ne. Akwai masunta a kwale-kwale, akwai ma'aikatan jirgi, akwai matuƙan jiragen sama. Wanda bai san iyakar yawon haskensa ba ya ce zai ƙara masa ƙarfi, idon wa yake caca da shi?

Na zo ga hujja ta huɗu, kuma a nan ina tare da Malam a rabin hanya. Gaskiya ne kaso mai yawa na kuɗin wannan bincike daga aljihun sojoji yake fitowa. A 2014 Amurka ta ɗora leza mai ƙarfin kilowat 30 a jirgin yaƙinta USS Ponce a Tekun Fasha. A watan Janairun 2024 Birtaniya ta sanar da gwajin makaminta DragonFire a tsibiran Hebrides. Ni ma ba na murna da duniyar da hazikanta suke ƙarewa a ƙera makami. Amma daga cewa soja yana amfani da ilimi zuwa cewa ilimin ba ya amfanar kowa sai soja, akwai tazara mai faɗi, kuma Malam ya tsallake ta ba tare da hujja ba.

Mu je kogin Kwango. Brazzaville da Kinshasa suna kallon juna, tsakaninsu bai kai kilomita 5 ba, amma saboda zurfin kogin da ƙarfin gudunsa, wayar intanet sai ta yi zagayen sama da kilomita 400 kafin ta haɗa su. A 2021 masu aikin Taara, wanda ya fito daga kamfanin Alphabet, suka sanar cewa sun haɗa biranen biyu da hasken leza, suka tura bayanai kusan terabayit 700 a cikin kwana 20, layin yana aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokacin. Wannan haske ta saman ruwa ya bi, cikin danshi da zafi. Abin da ya sa na'urorin suka iya riƙe juna, suna bin ɗigon duk inda iska ta kai shi, ilimin nan ne da Malam ya kira ɓarna. Mai sayar da kaya a kasuwar Kinshasa da ke neman intanet mai rahusa soja ne?

Mu je tsibiran Kanari na Sifaniya, daura da gaɓar Maroko. A 2007 masu bincike, cikinsu har da tawagar Anton Zeilinger na Ostiriya wanda ya samu kyautar Nobel a 2022, sun aika ƙwayoyin haske daga La Palma zuwa Tenerife, nisan kilomita 144 ta saman teku, a gwajin hanyar sadarwar da ba a iya yi mata satar sauraro ba tare da an gane ba. Sun kafa na'urorinsu a kan duwatsu masu tsawon kusan mita 2,400, can sama da iskar da ke shafar ruwa, kuma duk da haka sai da suka yi fama da yawon haske. An yi gwajin ne don share fagen sadarwa da tauraron ɗan'adam, kuma an yi ta daga baya.

Mu dawo gida. Sintilomitar nan da ake kafawa a bakin teku, ita ce masana ruwa da noma suke kafawa a kan gonaki. Tunda hargitsin haske daga zafin da ƙasa ke saki yake tasowa, wanda ya auna shi zai iya ƙiyasta yawan ruwan da ke ƙafewa daga fili mai faɗi. A shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA an yi amfani da ita a Wankama, gabas da Yamai, a ƙasar gero da saura. Tambayar da manomin Sahel ya fi kowa sani, wato ina ruwan da ya sauka yake tafiya, da wannan na'ura ake taya shi amsa ta. Ilimi ɗaya ne, kuma duk gyaran da aka yi masa a kan teku yana isa gona.

Saboda haka cewa ba ruwanmu ita ce maganar da ta fi cutar da mu. Yawancin awon da aka yi, a ruwayen Amurka da Turai aka yi shi. Mashigin tekun Gini ruwa ne mai ɗumi, iskarsa cike da danshi, ruwan samansa kamar da bakin ƙwarya, kuma da hunturu ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana ratsa ƙasar Hausa har ta kai gaɓa ta shiga teku. Leza ba ta jure hazo mai kauri, wannan rauninta ne kuma ba mai ɓoye shi. Tambayar ita ce, awa nawa a shekara za ta yi aiki a kan tafkin Legas, ko tsakanin rafukan Neja Delta inda shimfiɗa waya ke da wuya, ko daga gaɓa zuwa dandalin haƙar mai? Ranar da ɗan kasuwa zai zo da na'urarsa da takardar da ke cewa an gwada ta yi kyau, da me za mu auna maganarsa? Ƙasar da ba ta san iskarta ba, abin da mai kaya ya faɗa shi za ta saya. Muna da cibiyar binciken teku a Legas, muna da hukumar hasashen yanayi, muna da sassan kimiyyar lissafi da fiziks a jami'o'i cike da matasa masu neman aikin bincike mai ma'ana. Fitila a wannan gaɓa, ido a waccan, ma'aunin zafin ruwa da na iska, da haƙurin shekara guda: wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Da Malam ya ce a binciki yadda ake kashe kuɗin, da na sa hannu. Da ya ce bayanan da aka tara da dukiyar jama'a a buɗe su ga kowane ɗalibi maimakon a kulle su a ma'ajiyar soja, da na riga shi faɗa. Da ya ce a karkatar da wani kaso daga makami zuwa sadarwa da noma, da mun tafi tare. Amma abin da ya ce shi ne a daina aunawa, kuma wannan ba zan yarda da shi ba. Iskar teku tana da halinta da ya bambanta da na tudu. Lissafi yana buƙatar lambar da awo kaɗai ke bayarwa. Madubi ba ya ƙeruwa sai da awo, ƙarfi kuma ba ya maye gurbin sani. Amfanin aikin ya riga ya isa kogin Kwango da gonakin Nijar. Matsayina shi ne a ci gaba da awo, a tsawaita shi, a faɗaɗa shi zuwa ruwayen da ba a taɓa aunawa ba, namu a sahun gaba. Ina roƙon Malam, da alƙalaminsa mai kaifi, ya koma ya tambayi duk mai da'awar cewa kwamfutarsa ta san iskar teku tambaya biyu kacal: a ina aka auna, kuma na tsawon wane lokaci? In ya samu amsar da ba ta ƙare a bakin ruwa ba, ya rubuto mana, za mu karanta da idon basira.